Yadda na auna iskar da baƙin rami ke kora daga cikin galaksi, da kwamfutata kawai

Aikin digirina na biyu a fiziks kan abu ɗaya ya tsaya, auna gas ɗin da baƙin rami yake korowa daga tsakiyar galaksi, wato babban tarin taurari irin wanda ranarmu ke ciki, kuma tunda na gama ƙannenmu da ke shirin fara nasu suke ta tambayata wai ta ina ma ake farawa tunda mu nan ba mu da madubin hangen nesa da zai hango irin wannan abu, to bari in zauna in faɗi yadda abin ya tafi tun daga tushe, inda ya zo da sauƙi da inda ya cije.

Sai an fara gane me ake nema tukuna. Kusan duk wani babban galaksi akwai ƙaton baƙin rami a cibiyarsa, na galaksinmu nauyinsa ya kai na rana miliyan 4, na M87 wanda aka fitar da hotonsa a 2019 shi kuma biliyan 6.5. Mutane sun saba jin cewa baƙin rami haɗiya kawai ya iya, kuma gaskiya ne abin da ya ƙetare bakinsa ba ya dawowa, amma gas ɗin da ke hanyar faɗawa ba kai tsaye yake zurmawa ba, kewayawa yake ta yi a wani faifai yana gogar juna yana ɗaukar zafi har ya yi hasken da kan iya fin na duk taurarin galaksin a haɗe. In hasken ya kai nan shi ake kira kweza, na farkon da aka gane nisansa shi ne 3C 273, Maarten Schmidt ne ya gano hakan a 1963. To wannan hasken, da iskar da ke tashi daga kan faifan, wani lokacin kuma da wani siririn tsiri mai gudu kusan na haske da ake kira jet, su ne suke tunkuɗa gas ɗin da ke kewaye su yi waje da shi. Abin da ya sa ake damuwa da maganar shi ne da gas mai sanyi ake yin sababbin taurari, in ka kore shi ko ka dafa shi ka tsayar da haihuwa kenan. Joseph Silk da Martin Rees sun kawo wannan tunanin tun 1998, sai a 2000 ƙungiyoyi biyu suka nuna cewa nauyin baƙin rami yana tafiya daidai da yadda taurarin tsakiyar galaksinsa suke gudu, abu kamar akwai wata igiya tsakaninsu alhali girmansu ba ya ko haɗuwa. Masu gina galaksi a cikin kwamfuta kuma duk lokacin da suka cire wannan korar daga lissafi sai manyan galaksi su yi ta girma su wuce waɗanda muke gani a sama.

Ni da Markarian 231 na so in fara, saboda shi ne kweza mafi kusa da mu, wajen shekarar haske miliyan 600, shekarar haske kuwa ita ce nisan da haske ke ci a shekara ɗaya, kuma sunansa ne ke cikin kusan kowace takarda da na karanta. Na je ofishin malamina na ce ranka ya daɗe ga wanda na zaɓa, sai ya girgiza kai ya ce a'a, wannan in ka warware haskensa na ido launi launi, inda kowane sinadari ke barin nasa layi, cike yake da layukan ƙarfe da suka hau kan juna kuma layin oksijin ɗin da kake bukata rauni gare shi a can, babbar iskarsa ma a gas mai sanyi take wanda aka fi gani da madubin rediyo, ka bar shi sai hannunka ya faɗa. Ya ce in ɗauki wanda ake yi wa laƙabi da Teacup, sunansa na katalogi J1430+1339, wanda ƴan sa-kai na shirin Galaxy Zoo suka lura da shi a 2007 saboda wata kumfar gas da ta fito daga gefensa ta lanƙwasa kamar mariƙi. Shi ƙura ta rufe tsakiyarsa ta ɓangarenmu, to hasken kwezan kansa ba ya kashe maka ido, gas ɗin da ya haska kawai kake gani. Nisansa ya haura shekarar haske biliyan 1, amma a wannan fagen har yanzu maƙwabci ne.

Samun bayanan shi ne mafi sauƙi a duk aikin, kuma shi ne mutane ba sa yarda in na faɗa. Akwai shirin SDSS, madubi ne mai faɗin mita 2.5 a Apache Point can jihar New Mexico ta Amurka, tun 2000 yake ɗaukar sama, kuma duk abin da ya ɗauka a buɗe yake kyauta ba wanda zai tambaye ka daga wace ƙasa kake. Lambobin da ke cikin sunan su ne adireshin, 14 da 30 wuri ne a gabas da yamma na sama, 13 da 39 kuma arewa da tsakiyar sama, ka nemo shi da su a shafinsu sai ga hoton ya fito da maɓallin sauke bakan haskensa. Fayil ɗin ɗan ƙarami ne, ko da datar waya ta yi ƙasa za ka sauke shi. Abin da ke ciki haske ne da ya bi ta wani zaren gilashi guda ɗaya da aka saita kan tsakiyar galaksin, aka warware shi launi launi daga shuɗi zuwa ja aka rubuta ƙarfin kowane launi. Zaren yana rufe sakan 3 na kusurwa a sama, a nisan Teacup hakan ya kai faɗin shekarar haske wajen 15,000, ka ga kenan duk abin da ke faruwa a wannan fili an cakuɗa maka shi wuri guda, wannan zai dawo ya dame mu a gaba.

Da Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, na buɗe shi, da kunshin Astropy wanda shi ma kyauta ne. Akwai ƴan abubuwa da sai ka kiyaye tun kafin ka zana komai. Tsawon zangon hasken a logarizim suka ajiye shi sai ka mayar, sannan sararin samaniya yana faɗaɗa ya ja duk layukan zuwa ja, na Teacup adadin jan 0.085 ne, shi ya sa layin oksijin da ya kamata ya zauna a angstrom 5007, ma'aunin tsawon zangon haske kenan, za ka same shi can wajen 5434, sai ka raba komai da 1.085 ka dawo da shi gida. Sai kuma wani ɗan abu da ba ya ɗaukar ido, littattafai suna ba da 5006.84 wanda awo ne a cikin iska, SDSS kuma awon inda babu iska suke amfani da shi wato 5008.24, bambancin bai kai angstrom ɗaya da rabi ba amma a wannan wurin kowane angstrom ɗaya kilomita 60 ne a daƙiƙa, to wanda bai kula ba zai ƙirƙiro wa kansa iska mai gudun sama da kilomita 80 a daƙiƙa wadda babu ita. Malam tun ranar farko ya sa na rubuta lambobin biyu a takarda na manna a jikin kwamfutar.

Bayan nan sai cire hasken taurari. Galaksin yana da taurarinsa, haskensu yana nan shimfiɗe ƙarƙashin layukan gas ɗin da nasa ramuka da tudu, in ba ka cire shi ba zai ɓata maka gindin layin kuma a gindin ne duk labarin yake. Akwai manhajar pPXF ta Michele Cappellari na Oxford, kana ba ta samfurin taurari iri iri tsofaffi da sababbi ita kuma ta haɗa su har sai sun yi kama da abin da ka gani, sai ka ɗebe. Amfaninta na biyu ya ma fi na farko a wurina, ita ce ke gaya maka inda galaksin kansa yake tsaye, wato sifirinka. Don in ka ce gas yana gudu, yana gudu ne daga wa? Ba za ka ɗauki ƙololuwar layin oksijin a matsayin sifiri ba tunda shi ɗin ne kake zargi da motsi.

Ranar da na fara zana layin bayan duk wannan share fage ba zan manta ba. Layuka biyu ne tsaye kusa da juna, na 4959 da na 5007, na biyun ya ninka na farkon sau uku a tsawo, kuma wannan ninkin ba sa'a ba ce, daga ƙwayar zarra ɗaya suke fitowa, oksijin da aka fizge wa ilektiron biyu, to dole siffarsu ta zama ɗaya, shi ya sa a lissafi ake ɗaure su tare. Na ɗora lanƙwasar Gauss, wani zanen lissafi mai siffar tudu, guda ɗaya a kai, saman ya zauna daram, amma da na duba ƙasa sai na ga layin bai sauko ya taɓa sifiri inda lanƙwasar ta sauka ba, ya bazu, kuma ya fi jan jiki ta hagu wato ta ɓangaren shuɗi. Na zana abin da ya rage bayan ɗebewa a ƙasan hoton, maimakon ya zama ƴar hayaniya sama da ƙasa sai ga tudu a fili. Na ƙara lanƙwasa ta biyu mai faɗi na bar kwamfutar ta nemo mata wurin zama da kanta, ta je ta zauna a hagu da ta farkon, tudun ya kwanta. Wallahi na daɗe ina kallon allon nan. Wannan ɗan fiffiken na hagu gas ne da yake tahowa ta wajenmu da gudu, haskensa ya matse ya koma shuɗi, kuma ya baro can tun kafin a yi dabba ko ɗaya a doron ƙasa.

Dalilin da ya sa shuɗi ya fi yawa ba wai iskar ta wajenmu kaɗai take busawa ba, tana fita ta gaba da ta baya, sai dai wadda ke tafiya baya tana bayan ƙurar galaksin ne sai haskenta ya dushe. Don a sa wa abin lamba ana amfani da wani awo da ake kira W80, faɗin da ya ƙunshi kashi 80 cikin 100 na hasken layin, ka yanke kashi 10 ta kowane gefe ka auna tsakani, kyawunsa shi ne bai damu da ko lanƙwasa biyu ka sa ko uku ba. Sai ka cire faɗin da na'urar kanta take ƙarawa, na SDSS wajen kilomita 150 ne a daƙiƙa. Yawancin masu aikin suna ɗaukar cewa in W80 ya haura kilomita 600 a daƙiƙa to juyawar gas a cikin galaksi kawai ba za ta bayyana shi ba, akwai mai turawa. Da na koma na karanta aikin Chris Harrison da abokansa na 2015 a kan Teacup ɗin sai na ga sun sami gas mai gudun kilomita 740 a daƙiƙa yana tahowa, daidai inda wani ɗan tsarin rediyo yake kusa da tsakiya, da kumfa biyu masu nisan kilofasek 10 zuwa 12 a gefe da gefe, kilofasek ɗaya kuwa shekarar haske 3,260 ne. A wasu kwezan gudun yana kaiwa 1,000, wato tafiyar Kano zuwa Legas cikin daƙiƙa ɗaya, amma duk da haka sai ya yi shekara kusan miliyan 1 kafin ya ci kilofasek ɗaya tak.

Daga nan Malam ya ce zare ɗaya ya gaya maka akwai iska, bai gaya maka inda take ba, je ka nemo wanda za ka gan shi gefe da gefe. Shi ne na koma rumbun ESO, cibiyar binciken sama ta Turai mai madubai a Chile, su dokarsu ita ce wanda ya nemi a duba masa abu yana da shekara ɗaya shi kaɗai da bayanan, bayan nan na kowa ne. Na ɗauko na galaksin Circinus wanda na'urar MUSE ta ɗauka a dutsen Paranal. Circinus kusa yake sosai, shekarar haske wajen miliyan 13, amma ba a gano shi ba sai a shekarun 1970 saboda yana laɓe bayan ƙurar galaksinmu. MUSE ba zare ɗaya take ba ka ba, kowane ɗigo a hoton yana da nasa bakan hasken, wajen 90,000 a ɗauka ɗaya. Nan ne na san ana kashe kuɗin data, fayil ɗin gigabait ne masu yawa, sai tsakar dare nake sa shi lokacin da layi ya yi sauƙi, wuta ta ɗauke ya katse a sake, har sai da wani abokina mai shago da sola ya ce in kawo kwamfutar ta kwana wurinsa. Da ya sauka kuma kwamfutar ta ƙi buɗe shi gaba ɗaya don ƙwaƙwalwarta ba ta kai ba, sai na koyi yanko ɗan yankin launin da nake so kawai, daga ɗan ƙasa da 4959 zuwa ɗan sama da 5007, in bar sauran a ajiye, in haɗa ɗigogin da haskensu ya yi rauni su zama ɗaya, sannan in sa lissafin ya bi su ɗaya bayan ɗaya har gari ya waye.

Taswirar da ta fito ta biya wahalar. Gas ɗin da baƙin ramin ya haska ya fito a siffar mazurari, bakinsa tsuke a tsakiya yana buɗewa ta arewa maso yamma, da zare zare a cikinsa, ɗaya gefen kuma kusan babu komai don faifan galaksin ya tare shi. Abin da nake ta karantawa cewa ƙura ta kewaye baƙin ramin ta bar wa haske ƙofa biyu kawai, ga shi ina gani da idona. Sai dai gudun nan bai kai na Teacup ba ko kusa, ƴan ɗaruruwa ne, kuma sai ka fara cire juyawar galaksin kafin ma ka tabbatar fita yake yi.

To duk wannan da na faɗa, gudu da siffa, shi ne rabin da ake iya tsayawa a kai a buga ƙirji. Inda gizo ke saƙa shi ne tambayar da kowa ya fi so a amsa, gas nawa ne ke fita a shekara. Lissafin a takarda ba wuya, nauyin gas ɗin sau gudunsa a raba da nisan da ya kai. Amma kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da matsala, kuma na nauyin ya fi kowanne. Ba ka auna nauyi kai tsaye, hasken layin haidirojin kake aunawa, 4861 ko 6563, sannan ka raba da cunkoson ilektiron a cikin gas ɗin, don gas kaɗan mai cunkoso yana iya yin haske daidai da gas mai yawa da ya bazu. Hanyar da aka saba bi wajen gano cunkoson ita ce layuka biyu na salfa, wato farar wuta, 6716 da 6731, in na farko ya fi na biyu da kusan 1.45 gas ɗin a baje yake, in ya sauko wajen 0.45 ya cushe. Matsalar ita ce layukan nan angstrom 15 kawai ke tsakaninsu, wajen kilomita 650 a daƙiƙa kenan, to fiffikensu masu faɗi waɗanda su ne na iskar da kake nema sun riga sun narke cikin juna, ga rauni, kuma in cunkoson ya wuce ƴan dubbai ma awon ya daina ji gaba ɗaya. Na yi ta gwadawa, in na canza inda lissafin zai fara kaɗan sai amsar ta yi tsalle.

Da na duba yadda wasu suka yi sai na ga da yawa kawai ɗauka suke yi cewa ilektiron 100 ne a kowane santimita kubik su wuce abinsu. Na kai wa Malam na ce ranka ya daɗe ko ni ma in sa 100 ɗin tunda manya sun sa, ya ce in je in karanta aikin Joanna Holt da abokanta na 2011 tukuna. Su da wasu layukan oksijin da salfa masu rauni suka yi amfani waɗanda ba sa toshewa da wuri, kuma abin da suka samu dubbai ne, wasu da suka biyo bayansu da wasu hanyoyin ma haka suka samu. Ka ga in gaskiyar 3,000 ce kai kuma ka sa 100, ka kumbura nauyin gas ɗin sau 30 kenan, haka adadin da ke fita, haka ƙarfin iskar. Wannan abin ya tsaya min a rai sosai, domin a kan waɗannan lambobin ne ake cewa an tabbatar ko ba a tabbatar ba. Masu lissafin kwamfuta sun ce iskar tana bukatar tsakanin kashi 0.5 zuwa 5 cikin 100 na ƙarfin hasken kwezan kafin ta yi wa galaksi illa, to da 100 kana iya hayewa wannan layin cikin sauƙi ka yi murna, da 3,000 kuma ka faɗo ƙasa da shi, galaksi ɗaya bayanai ɗaya.

Nisan ma haka yake. Iskar duniyarmu tana dama haske, ɗigo mai tsananin haske a tsakiya sai ya bazu ya shafi maƙwabtansa, sai ka ga fiffike mai faɗi a wurare masu nisa ka ɗauka iskar ta cika galaksin alhali hasken tsakiya ne ya zubo, Bernd Husemann da abokansa sun nuna wannan a 2016 kuma girman wasu iskokin ya ragu sosai bayan gyara. A zaren SDSS kuwa ba ka ma san nisan ba sam, ka dai san bai wuce bakin zaren ba. Gudun kuma abin da ke tahowa ko tafiya a layin idonka kawai kake gani, wanda ke giftawa ba ya nuna kansa.

Sannan duk wannan gas mai zafi ne kawai, kashi ɗaya cikin abin da ke fita, kuma sau da yawa ba shi ne mai nauyin ba. A nan na gane me ya sa sunan Markarian 231 ya cika takardu. A 2010 Chiara Feruglio da abokanta suka duba shi da farantan rediyo na cibiyar IRAM a Plateau de Bure a Faransa, suka ga fiffike a layin kabon monoksaid mai nuna gas mai sanyi, suka ƙiyasta nauyin rana 700 na fita a shekara alhali taurarin da galaksin ke yi ba su wuce na rana 200 ba, a shekarar kuma madubin Herschel daga sararin sama ya ga alamar wannan fitar ta wata hanya dabam, sai a 2011 David Rupke da Sylvain Veilleux suka gan ta da madubin Gemini da gudun kusan kilomita 1,000 a daƙiƙa. Can ƙurya kusa da bakin ramin kuma sai da hasken eksire, wato X-ray, ake gani, a kwezan PDS 456 an auna iska mai gudun kusan rubu'in gudun haske. Yadda waccan ta ciki take miƙa ƙarfinta ga ta waje shi ne har yau ake kai ruwa rana a kai. Kuma fita daga tsakiya ba shi ne barin galaksi ba, wani nazari na 2019 a kan galaksi da dama na kusa ya nuna ɗan kaɗan ne daga gas mai sanyin yake da gudun tserewa gaba ɗaya, sauran zai yi nisa ya dawo. A 2017 ma Roberto Maiolino da abokansa sun sami taurari suna haihuwa a cikin iskar kanta a wani galaksin. Ga kuma maganar lokaci, kweza kan kunna ya mutu cikin ɗan abin da bai taka kara ya karya ba in aka gwada da miliyoyin shekarun da iskar ke tafiya, to hasken da kake aunawa yau ba lallai shi ne ya tura gas ɗin da kake gani can nesa ba. Teacup kansa an daɗe ana cewa mutuwa yake yi, sai awon eksire na 2018 ya nuna ƙura ce ta ɓoye yawancin haskensa, bai dushe yadda aka zata ba.

A teburin ƙarshe na kundina ban sa lamba ɗaya ba. Na sa gudun da kuskurensa tunda wannan na auna shi, sai adadin fitar na ba da shi gida uku, in cunkoson 100 ne, in 1,000 ne, in 10,000 ne, na rubuta a ƙasa cewa bayanan da ke hannuna ba su isa su zaɓa tsakaninsu ba. Ranar kare kundin malamin da ya zo daga wata jami'a ya duba teburin ya ce to malam, wannan baƙin ramin yana kashe galaksin ko ba ya kashewa. Na ce ranka ya daɗe gas ɗin yana fita wannan na tsaya a kai, kuma yana fita da gudun da juyawar galaksin ba za ta ba shi ba, amma daga gidan farko zuwa na ƙarshe ninki 100 ne, duk wanda na zaɓa ni ne na zaɓa ba madubin ba. Ya tambaye ni me zai raba gardamar, na ce layukan Holt a bakan haske mai zurfi da ya kai daga 4068 har 7330, da taswirar gas mai sanyi ta wuri ɗaya.

Ita ce nake kai yanzu. Na koma galaksin NGC 1068, wanda Carl Seyfert ya sa cikin jerinsa na galaksi masu tsakiya mai tsananin haske tun 1943, shekarar haske wajen miliyan 47, kusa sosai har ana iya raba tsakiyarsa daki daki. ALMA mai farantan rediyo 66 a tudun Chajnantor na Chile ta ɗauke shi, Santiago García-Burillo da abokansa a 2014 sun ba da kusan nauyin rana 63 a shekara na gas mai sanyi da ke fita daga zoben tsakiyarsa, kuma MUSE ma ta ɗauke shi. Bayanan duka biyun a buɗe suke, ina koyon manhajar CASA da ake sarrafa na rediyon da ita, so nake in ɗora taswirar mai sanyin kan ta mai zafin ɗigo da ɗigo in ga a ina suka haɗu da jet ɗin, kuma wane ne a cikinsu ke ɗauke da nauyin.